Zanen Duwatsu da Duwatsu Masu Amo na Birnin Kudu

Birnin Kudu gari ne a kudancin Jihar Jigawa, hedikwatar ƙaramar hukuma mai wannan suna, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Yana bakin babban titin da ya tashi daga Kano ya nufi ƙasar Bauchi da Maiduguri. Daga wannan yanki ne shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano take fara tashi, duwatsu suna ɓullowa tsakanin gonakin gero da dawa, suna ƙara yawa da tsayi har su haɗe da tsaunukan Ningi. Kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, garin yana cikin Jihar Kano. An san shi da tsohuwar kwalejin gwamnati da babban asibitin tarayya, amma abin da ya kai sunansa ga masana tarihi na duniya shi ne zanen da ke jikin duwatsunsa.

Zanen shanu

Wuraren da suka fi shahara su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. Ba kogo ne mai zurfi ba. Manyan duwatsu ne da suka hau kan juna ko suka yi rumfa, suka bar inuwa a ƙasa inda ruwan sama ba ya dukan bango kai tsaye. Wannan rumfa ce ta tsare zanen har ya iso gare mu. An yi shi da jan launi da fari, kuma mafi yawansa hoton shanu ne, wasu an cike jikinsu da launi, wasu an zana gefensu kawai.

Duk makiyayin da ya tsaya gaban bangon zai lura da abu ɗaya nan take: yawancin shanun nan ba su da tozo. Shanun da ake kiwo a ƙasar Hausa a yau, bunaji farare da rahaji jajaye, duk masu tozo ne. Marasa tozo kuwa sai a nesa ake samunsu yanzu, irin muturu gajeru na kudancin Najeriya da kuri na bakin Tafkin Chadi. Masana sun tabbatar cewa marasa tozo sun riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma. Ke nan wanda ya yi zanen ya ga wani garke ne da ba irin na yau ba. Wannan shi ne darajar wurin, domin labarin sarakuna ana samunsa a rubuce da bakin maroƙa, amma labarin talakan da ya yi kiwo a gindin dutse ba shi da mai riƙe shi sai irin wannan bango. Akwai makamantan zanen a Geji da Shira a Jihar Bauchi, abin da ke nuna cewa al'ada ce da ta bi jerin duwatsun yankin, ba ta gari ɗaya ba.

Duwatsu masu amo

Kusa da zanen akwai wasu falalen duwatsu da suka ɓare daga uwar dutse, suka zauna a kan wasu ba tare da sun manne gaba ɗaya ba. Idan aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge, kowane gefe da irin muryarsa. A jikinsu akwai ƙananan ramuka masu santsi, wuraren da hannaye suka daɗe suna bugawa.

Bernard Fagg, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952 kuma ya yi suna da binciken tsofaffin siffofin yumɓu na Nok, ya nazarci duwatsun Birnin Kudu a 1955, ya buga bayaninsu a 1956. Daga nan ne masu bincike suka fara neman irinsu a wasu sassan Najeriya da Afirka, aka kuma same su da yawa. Mutanen gari dai sun san duwatsunsu tun kafin zuwansa. Shi da kansa ya rubuta cewa a wancan zamani amare kan je gindin dutsen tare da ƙawayensu a lokacin biki, ana waƙa ana buga shi.

Duwatsun da zaman yaƙi

A ƙarni na 19 wannan gefe na ƙasar Kano ya zama bakin daga. Ningawa sukan sauko daga tsaunukansu su kai hari garuruwan kudu, kuma Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Garin da ke da dutse a bayansa da ganuwa a gabansa ya fi samun kwanciyar hankali. Haka tsohon garin Dutse, wato Garu, ya zauna a tsakiyar duwatsu, kuma mai ziyara yakan haɗa shi da Birnin Kudu a tafiya ɗaya.

Kulawa da ziyara

Wuraren suna cikin abubuwan tarihi na ƙasa da doka ta kare, a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa wadda aka kafa a 1979. Sai dai doka a takarda ba ta hana yaro rubuta sunansa da gawayi a kan zane. Hayaƙin wutar da ake hurawa a ƙarƙashin rumfar dutse yana baƙanta bango, masu fasa dutse don gini suna matsowa, gidaje kuma suna ta cin filin da ke kewaye. Abin takaici ne a ce ɗaliban makarantun garin da yawa suna gama karatu ba a taɓa kai su su gani ba, alhali tafiyar ba ta buƙatar kuɗin mota mai yawa.

Lokacin da ya fi dacewa da zuwa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dutse ba ya santsi, rana kuma ba ta yi zafin bazara ba. Baƙo ya fara neman ma'aikatan hukumar ko mai unguwa domin a haɗa shi da ɗan rakiya. Kada a taɓa zanen da hannu, kada kuma a watsa masa ruwa don launin ya fito a hoto, domin ruwan yana narkar da launin kuma yana jawo gishirin cikin dutse ya rufe shi.