Rusau na mai kaya: me ake nufi da sake gina otal a wuraren wasa na Disney?

Idan aka ce rusau a wajenmu, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne jan fenti a bango, katafila da 'yan sanda, da mai gini a gefe yana salati. Haka aka gani a Kaduna a 2020 da aka rushe otal ɗin Durbar, haka kuma a Kano a 2023 da aka rushe sabon ginin da aka tayar a filin otal ɗin Daula. To akwai wani rusau ɗin daban, wanda mai kaya ne da kansa yake ɗauko katafila ya kai gininsa ƙasa. Ginin bai tsage ba, bai karkace ba, sau da yawa ma baƙi na kwana a cikinsa har zuwa makon da aka rufe shi. Masu harkar filaye da otal-otal a Amurka suna kiran wannan redevelopment, kuma kalmar ta yi yawa a labaran manyan wuraren wasa irin su Disneyland.

Ma'anarta dai ita ce a kawar da ginin da ke kan fili, ko wani sashe nasa, a ɗora wani abin da zai fi kawo kuɗi a daidai wannan wurin. Filin ake yi wa lissafi. Ginin da ke kai, komai kyansa, ana kallonsa ne a matsayin ɗan haya: idan abin da yake kawowa ya gaza abin da wani zai kawo, sai a ba shi notis.

Kada a haɗa wannan da kwaskwarima. Kowane otal na kirki yana ware wani kaso na kuɗin shigarsa don canza katifu da labule da kafet duk bayan 'yan shekaru. Wani lokacin gyaran yakan yi zurfi har a sauya wa otal ɗin kama gaba ɗaya. Hotel New York da ke Disneyland ta Faransa an rufe shi a Janairun 2019, aka buɗe a Yunin 2021 da zane-zanen jaruman Marvel a ko'ina. Amma bangon da ginshiƙan su ne dai na 1992. Wannan gyara ne. Sake gini sai an kwashe ɓaraguzai.

Otal-otal ɗin da ake magana a kansu ba irin masaukin matafiyi ba ne da zai kwana ɗaya ya wuce. Suna jikin wurin wasan, kamfanin ne ke da su, kuma iyali kan zo su tare kwana biyar ko mako guda, da tafkin ninƙaya da gidajen abinci da motar da za ta kai su ƙofar shiga. Irin wannan gini yana saurin gajiya. Ba shi da hutu ko na rana guda a shekara, yara ne cike da shi, ga jiƙaƙƙun kaya daga tafki, ga zafi da danshin jihar Florida da ke sa bango hunhuna. Ɗakin da aka zana a 1971 ba a yi shi da tunanin mutum biyar kowa da wayar da zai sa caji ba. Bututun ruwa na cikin bango, wayoyin wuta na cikin bango, kuma tsofaffin gine-ginen Amurka da yawa suna da asbestos, wani kayan gini mai illa ga huhu, wanda cire shi aiki ne na ƙwararru mai tsada. Sannan dokoki sun canza. A 1990 Amurka ta yi dokar kare haƙƙin masu naƙasa, wadda ta shafi faɗin ƙofa da tsarin banɗaki. Florida kuma, bayan ɓarnar guguwar Andrew ta 1992, ta fito da dokar gini ta bai-ɗaya da ta fara aiki a 2002. Duk wanda zai fasa bango ya yi babban gyara, sai ya daidaita aikin da dokar yau, kuma a nan ne kuɗin gyara yake fara kusantar kuɗin sabon gini.

Wannan shi ne bayanin da ya fi daɗin faɗa. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma otal ɗin Contemporary da ke Walt Disney World, rukunin wuraren wasan Disney a jihar Florida, ya isa hujja.

An buɗe shi a ranar 1 ga Oktoban 1971, rana ɗaya da wurin wasan Magic Kingdom. Babban gininsa shi ne wanda wani jirgin ƙasa mai tafiya a kan dogo guda yake ratsawa ta cikinsa. Ɗakunansa a wani wuri aka ƙera su, aka ɗauko su da injin ɗaga kaya aka zura cikin ƙarafan ginin. A gefe da gefe akwai gajerun benaye biyu masu hawa uku, ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Shekarunsu ɗaya, aikinsu ɗaya. A 2007 aka rushe na arewa, aka gina dogon bene mai suna Bay Lake Tower a wurin, aka buɗe shi a Agustan 2009. Na kudun yana nan har yau yana karɓar baƙi. Da tsufa ne dalili, ai tare za su tafi. Bambancin shi ne na arewan ya fi kusa da Magic Kingdom, kuma daga saman bene a wannan gefen ana hango fadar da ke tsakiyar wurin wasan da wasan wutar da ake yi da dare.

Abin zai iya ɗaure wa mutum kai, domin Disney ba ta rasa fili a Florida ba. Tana da kusan eka 25,000, kuma kaso mai yawa daji ne da fadama. Sai dai filin da za a taka da ƙafa a isa ƙofar wurin wasa, ko wanda layin jirgin yake bi ta gabansa, kaɗan ne, kuma an gama gine shi tun tuni. Kamar gidan ƙasa ne da ya wayi gari a bakin kasuwa: magada ba za su bar shi da ɗaki huɗu da zaure ba alhali wurin zai ɗauki shago arba'in. Bene mai hawa uku a wurin da zai ɗauki hawa goma sha wani abu, a idon mai lissafi asara ce kullum rana.

A Kalifoniya, inda fili ya yi ƙaranci da gaske, abin ya fi fitowa fili. Lokacin da Walt Disney ya buɗe Disneyland a garin Anaheim a Yulin 1955, kuɗinsa sun ƙare, ba shi da abin gina masauki. Wani attajirin mai daga Texas, Jack Wrather, shi ya gina Disneyland Hotel, aka buɗe a Oktoban wannan shekarar. Sai a 1988 kamfanin Disney ya mallake shi. A 1999 aka rushe tsofaffin gine-ginen farko, aka samu wurin titin shaguna da gidajen abinci na Downtown Disney da aka buɗe a 2001. Otal ɗin yana nan da sunansa, ana kuma ƙirga masa shekaru daga 1955, amma babu ginin 1955 ko ɗaya da ya rage a tsaye. Dogayen benayen da ake gani daga baya aka yi su.

Saura tambayar abin da ake ginawa a wurin da aka rushe. Duk wanda ya bi jerin zai ga suna ɗaya yana ta maimaituwa: Disney Vacation Club. Tsari ne da aka fara a 1991, na abin da za a iya kira mallakar lokaci. Mutum ba ɗaki yake saya ba, kuma ba haya yake kamawa ba. Yana biyan dubban daloli a dunƙule, sau da yawa dubu gomomi, a ba shi wasu maki da za su riƙa zuwa masa kowace shekara har tsawon kusan shekara hamsin. Da makin yake kama ɗaki. Ƙaramin ɗaki a lokacin da babu cunkoso yana cin maki kaɗan, babban ɗaki a makon Kirsimeti yana lashe su. Bayan wannan, duk shekara yana biyan kuɗin kula da gini, ko ya je ko bai je ba.

A duba abin ta gefen kamfani. Otal na yau da kullum sai ya shekara da shekaru yana sayar da ɗaki dare bayan dare kafin ya mayar da kuɗin gininsa, kuma duk lokacin da tattalin arziki ya girgiza ɗakunan su zauna babu kowa. Na mallakar lokaci kuwa ana sayar da shekarunsa hamsin tun yana sabo. Kuɗin gini ya dawo da wuri, kuɗin fenti da gyaran famfo na wuyan masu maki, su kuma masu makin sun ɗaure kansu da zuwa kowace shekara, su sayi tikiti, su ci abinci, su saya wa yara tsaraba. Idan wa'adi ya cika, ginin ya koma hannun kamfani. Ni ban ga ɗan kasuwar da zai ga wannan ya kau da kai ba.

Shi ya sa Bay Lake Tower na wannan tsarin ne. A 2017, a can Walt Disney World, an rushe wasu rukunin gidaje a otal ɗin Caribbean Beach, wanda aka buɗe a 1988 don masu matsakaicin ƙarfi. Ɗakunansa suka ragu daga sama da 2,100 zuwa kimanin 1,500, aka gina Riviera Resort a wurin, aka buɗe a Disambar 2019, shi ma na masu maki. A otal ɗin Polynesian akwai wani dandali a bakin tafki inda aka shafe shekaru da dama ana cin abincin dare ana kallon raye-rayen mutanen tsibiran tekun Pasifik. An dakatar da wasan a Maris ɗin 2020 saboda korona, bai sake dawowa ba. Aka rushe dandalin a 2022, yanzu bene mai hawa goma ne a wurin, Island Tower, tun Disambar 2024.

Yadda ake rushewar ma abin kallo ne, ko in ce abin ɓoyewa. A Las Vegas biki ake yi: a ɗaura wa otal nakiya, a tara jama'a, a yi wasan wuta, gini ya durƙushe cikin daƙiƙoƙi, kamar yadda aka yi wa otal ɗin Tropicana a Oktoban 2024. A wurin wasa ba a haka, domin a ginin da ke maƙwabtaka akwai wanda ya biya ɗaruruwan daloli don ya kwana lafiya. Sai a kewaye wurin da dogon katako, a shafa masa fenti, a jera tukwanen shuke-shuke a gabansa. A fara kwashe gadaje da ƙofofi da tagogi, sannan injin mai dogon hannu ya riƙa gutsurar ginin kaɗan-kaɗan, wani na gefe yana fesa ruwa don ƙura ta kwanta. Kamfanin har yana da wani koren fenti maras ɗaukar ido da yake shafa wa duk abin da ba ya so baƙo ya lura da shi.

Ba kullum lissafin ke tafiya daidai ba. River Country wurin wasan ruwa ne da aka buɗe a bakin tafkin Bay Lake da ke Walt Disney World a 1976. An rufe shi a Nuwamban 2001, lokacin da yawon buɗe ido ya ja baya bayan harin 11 ga Satumba, kuma dama an riga an gina wasu biyu da suka fi shi girma. Daga nan aka bar shi haka nan, ciyawa da itatuwa suka cinye shi shekara goma sha bakwai. A 2018 aka sanar da za a gina otal a wurin, aka share filin a 2019, korona ta zo aiki ya tsaya cak. Sai a ƙarshen 2024 aka sake sanar da shi da sabon suna, Disney Lakeshore Lodge, aka ce za a buɗe a 2027.

Masu ƙorafi suna da yawa, kuma ba duka ne kewar da kawai ke damunsu ba. Idan aka cire ɗaki sama da ɗari biyar na masu matsakaicin ƙarfi aka sa na masu hali a wurin, iyalin da ke tara kuɗi shekara uku don tafiya ɗaya su ne aka tura nesa da ƙofa. A ganina wannan ne ƙorafin da ya fi nauyi, kuma shi ne wanda sanarwar kamfani ba ta taɓowa. Akwai kuma batun tarihi. Hotel Breakers da ke wurin wasan Cedar Point a jihar Ohio tun 1905 yake. Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan gine-ginen tarihi na ƙasa a 1987, amma bayan rushe-rushe da ƙare-ƙaren da aka yi masa, sai ta janye wannan matsayi a 2001.

Su kansu gine-ginen masu maki suna da ranar da ke jiransu. Yarjejeniyar rukunin farko, irin su otal-otal ɗin BoardWalk da Beach Club, za ta ƙare a ƙarshen Janairun 2042. Old Key West, wanda da shi aka fara a 1991, an ba masu shi damar ƙara kuɗi su tsawaita zuwa 2057. Bay Lake Tower zai kai 2060, Riviera kuma 2070. BoardWalk da Beach Club da ƙafa ake zuwa wurin wasan Epcot daga cikinsu, kuma a 2042 na farkon zai kasance ya haura shekara arba'in da biyar, wato ya girmi benen arewa na Contemporary a lokacin da aka rushe shi yana da kimanin shekara 35.