Waiwaye: Yadda hoton ƙwaƙwalwa ya zama ƙofar magani ga mai shanyewar ɓarin jiki

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai gudan jini ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. A ido duk ɗaya suke, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. Hoto ne ke raba su. A 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. Najeriya ba ta samu irinta ba sai 1987, a asibitin koyarwa na Ibadan.

Da farko rashin hoton bai cika canza magani ba, domin babu wani abin kirki da za a yi wa jijiyar da ta toshe. Lamarin ya sauya a 1996, da Amurka ta amince da allurar alteplase mai narkar da gudan jini, da sharaɗin a yi ta cikin awa 3 da fara ciwo. A 2008 bincike ya ƙara wa'adin zuwa awa 4 da rabi. Amma in aka yi wa wanda jijiyarsa ta fashe wannan allura, tana iya kashe shi. Saboda haka babu hoto, babu allura. Daga 2015 aka tabbatar da amfanin zaro gudan jinin da siririn bututu, a 2018 kuma aka nuna wasu na amfana har awa 24, muddin hoto na musamman ya nuna akwai sauran ƙwaƙwalwar da za a ceto. Duk ci gaban da aka samu, sai ya ƙara nisa tsakanin mai hali da marar hali.

A nan Najeriya abin ya fi tsanani. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata fashewar jijiya ce ta same su. Ke nan ba wa mutum asfirin, mai tsinka jini, bisa hasashe ganganci ne.

Ƙa'ida ita ce a ɗauki hoto cikin kamar minti 20 zuwa 25 da isowa asibiti. To amma na'urorin suna manyan birane. Mutumin karkara sai an fara yi masa tofi da hayaƙi a gida, ana cewa iska ce ta taɓa shi, sannan a nemi mota, a biya ta ƙaramin asibiti a karɓo takardar turawa. Ya iso, sai a ce a biya kuɗin hoto tukuna, 'yan uwa su tsaya a baranda suna buga waya neman gudummawa, alhali lokaci na ƙurewa. Mace kuwa sau da yawa sai ta jira maigida ya dawo ya ba da izini da kuɗi. Tsohuwar da ta tashi daga barci da ciwon, babu mai iya faɗin lokacin da ya fara, wani nau'in hoto da ake kira MRI ne zai taimaka, shi kuma ya fi tsada da ƙaranci.

Ko an biya, na'urar kanta na iya tsayawa: wuta ta ɗauke, janareta ba mai, ko bututun hasken ya ƙone a yi watanni ana jiran kayan gyara daga waje. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma har yanzu yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya.