Injin iska na kashe wutar gareji: ina matsalar take?

Da zarar damina ta kankama a Gusau, masu faci da masu fentin mota sukan kawo ƙorafi iri ɗaya: an kunna injin iska, sai wani makunni ya faɗi a akwatin wuta, shago ya yi duhu. A tayar da shi, ya sake faɗuwa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wanne ne ma yake faɗuwa?

Daga nan ake farawa, domin iri biyu ne a akwatin. Akwai bireka na yau da kullum, wanda ke faɗuwa idan lodi ya yi yawa ko wayoyi suka haɗu. Akwai kuma mai ɗan maɓallin gwaji a goshi, wanda masu wayarin ke kira ELCB ko RCD. Shi ba ruwansa da nauyin lodi. Aikinsa ya gwada wutar da ta fita ta wayar layif da wadda ta dawo ta nutural. Idan bambancin ya kai miliamfiya 30 (ma'aunin 'yar ƙaramar wuta ne), ya san wuta na yoyo zuwa ƙasa ta wata hanya, wataƙila ta jikin mutum, sai ya yanke nan take. A Amurka a jikin soket ɗin gareji ake sa irinsa, sunansa GFCI, kuma wajen miliamfiya 5 kawai yake jira. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230.

To me ke sa wuta yoyo a injin iska?

Ruwa ne kan gaba. Iskar da injin ke matsewa ɗauke take da laima, idan ta huce a tanki sai ta zama ruwa. Kunce ɗan famfon da ke ƙarƙashin tankin injin da ya yi wata ba a taɓa shi ba, ka ga abin da zai feso: jan ruwa mai tsatsa haɗe da mai. Wannan laima, da feshin ruwan sama idan injin na bakin rumfa, suna shiga akwatin makunnin da ke tsayar da inji idan tanki ya cika. Ƙurar hunturu da ta taru a ciki kuwa, da ta jiƙe ta zama hanyar wuta.

Sai waya. Wadda ake ja a ƙasa, mota ta taka, jak ya danne, ɓera ya ɗanɗana, an naɗe da leda an ce ta gyaru. Na uku kwayil, wato naɗin wayoyin da ke cikin motar lantarkin da ke juya injin, idan zafi ya cinye rufin wayoyinsa har wuta ta fara taɓa ƙarfen jiki.

Yaya zan gane wanne ne a ciki?

Lura da lokacin da yake faɗuwa. Idan da sa filogi ne, tun ba a kunna ba, zargi waya, filogi ko akwatin makunnin injin. Idan sai motar injin ta tashi, ka koma kan motar da kafasita, ɗan gwangwanin da ke taimaka mata tashi. Idan kuma sai ya yi aiki ya ɗauki zafi sannan, galibi rufin kwayil ne ya gaji. Wanda ke yi da sassafe bayan an kwana ana ruwa, ya daina da rana ta take, laima ce.

Ka kuma sa wani abin, kamar injin gurza ƙarfe, a wannan soket ɗin. Shi ma idan ya kayar da makunnin, laifin na wayarin ɗin shago ne. Sau da yawa wani ne ya haɗe nutural da wayar ƙasa a bayan soket.

Kafin ka buɗe komai, zare filogi, ka saki iskar tanki duka. Kafasita na riƙe wuta ko bayan an kashe, kada yaron shago ya sa yatsa.

Amma a janareta lafiya lau yake aiki. Ba shi ke nan ba?

A'a, maigida. Yawancin ƙananan janareta kai tsaye ake jona su, ba su bi ta makunnin kariyar ba, ko kuma ba a haɗa su da ƙasa yadda ya kamata ba. Yoyon yana nan, mai faɗa maka ne ba ya nan.

Wani ya ce in cire makunnin kariyar in haɗa kai tsaye.

Wannan ita ce shawarar da ta fi yawo, ita ce kuma mafi muni, ita da karya dogon ƙarfen filogi, wato na wayar ƙasa. Mai faci yini yake da hannu cikin bahon ruwa yana neman inda tayar ta huje, silifas a ƙafa, ƙasa a jiƙe, sannan ya dafa tankin ƙarfe. Idan makunnin ba ya nan, wutar da yake tarewa ta jikinsa za ta bi. Abin da ya dace shi ne mai gyaran wuta ya zo da mega, na'urar gwada ƙarfin rufin waya, ya auna tsakanin kwayil da jikin mota a kan bolt 500. Idan megar ta nuna ƙasa da megaom 1, motar na bukatar busarwa ko sabon naɗi. Abin auna wuta na hannu ba kasafai yake kama irin wannan ba.

Idan kuma bireka na lodi ne ke faɗuwa fa?

Wannan wata magana ce daban. Mota na jan wuta ninki biyar zuwa bakwai wajen tashi. Saurara idan inji ya tsaya: ya kamata ka ji ɗan "fiss" na iskar da ke fita daga kan silinda. Idan babu, bawul ɗin sakin iska ya toshe, motar za ta yi ta gurnani ta kasa juyawa. Mataccen kafasita, wuta marar ƙarfi, da doguwar siririyar wayar ƙari duk haka suke jawowa. Gara ka ƙara tsawon tiyon iska, ka bar injin kusa da soket.