Waiwaye: yadda ruwa ya shigo birni ta bututu, da yadda aka dawo ana ƙirga shi da lita

Duk birnin da ka ga ya girma to akwai ranar da rijiyoyinsa suka gaza, ko dai su ƙafe ko jama'a su yi yawa har masai ya matso kusa da rijiya, daga nan sai a fara neman ruwa daga nesa. Mutanen Rum tun shekara ta 312 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) suka gina hanyar ruwansu ta farko, Aqua Appia, a hankali har suka kai guda 11, ruwa na gangarowa daga tsaunuka ba inji ba lantarki. Frontinus da aka naɗa shugaban ruwan birnin a shekara ta 97 miladiyya, kukan da ya dinga yi shi ne mutane na huda bututu suna jan ruwa ta ɓarauniyar hanya da haɗin bakin ma'aikata, ga yoyo ko'ina. A farkon ƙarni na 9 kuma Zubaida matar Haruna Rashid ta zuba dukiya aka jawo ruwa zuwa Makka da Arafa saboda ƙishirwar da alhazai ke sha.

Amma kawo ruwa daban, kawo mai tsafta daban, kuma sai da aka binne mutane da yawa kafin a gane haka. A Landan cikin 1854 kwalara ta kashe sama da mutum 600 a unguwa ɗaya, lokacin yawancin likitoci na cewa wari ne ke kawo cutar, sai wani likita John Snow ya bi gida gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya ga kusan duk famfon titin Broad ne, ya sa aka cire hannun famfon. Na Hamburg a Jamus ya fi ma fitowa fili, a 1892 kwalara ta kashe mutum sama da 8,000 saboda birnin na shan kogin Elbe ba tacewa, alhali maƙwabcinsa Altona, kogi ɗaya suke sha, amma shi yana tace nasa da yashi, sai cutar ta taɓa shi kaɗan. A 1908 Jersey City a Amurka ta fara zuba wa ruwan gari klorin kullum, daga nan abin ya bazu, taifot ta ja baya sosai a biranen da suka bi sahu.

To da famfo ya shigo cikin gida sai wani abu ya canja wanda ba a cika faɗa ba. Mai ɗauko ruwa a ka ya san nauyinsa, jarka mai lita 20 kilo 20 ce cur, ba sai an yi masa wa'azin tattali ba. Wanda kuwa yake murɗa famfo bai ga dam ba, bai ga injin da ke turowa ba, shi dai ya murɗa ya zo. Sai ga shawa, ga bahaya ta zamani da ake kora wa ruwa, ga injin wanki da ban ruwan fulawa, abin da gida ɗaya ke sha ya ninka ya sake ninkawa. Kusan duk ƙarni na 20 amsar hukumomi ɗaya ce, in ruwa ya gaza a gina wani dam, a ƙara tsawon bututu, ko a huda ƙasa a zuƙo na ciki, har birane irin su Jakarta da birnin Meziko suka fara nutsewa saboda yawan zuƙar ruwan ƙarƙashinsu.

Sai can wajen 1980 aka fara juyowa ana kallon cikin gida. A Ostireliya aka fito da bahaya mai maɓalli biyu, ƙarami da babba, a Amurka kuma dokar 1992 ta ce sabuwar bahaya kada ta wuce kusan lita 6 a kora ɗaya, alhali tsofaffin na cin lita 13 ko fiye. Kuma gaskiya akwai ɓarna a gida, kar ma mu yi musu. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da sama da lita 10,000 a shekara, kuma sau da yawa wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Ka duba tankin saman gini da aka kunna wa inji aka manta, ruwa na kwarara ta bango har ya yi gansakuka, maganinsa ɗan ƙwallon nan ne mai toshe bakin bututu in tanki ya cika.

Inda aka ga iyakar abin da gidaje za su iya shi ne birnin Cape Town na Afirka ta Kudu. Bayan damina uku a jere ba ruwan kirki, a farkon 2018 hukumar birnin ta sa rana a watan Afrilu ta ce in ruwan dam-dam ya sauko zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za ta rufe famfunan gidaje, mutane kusan miliyan 4 su koma bin layi a wurare 200 kowa lita 25. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana, sha da girki da wanka da wanki duk a ciki. Mutane suka koma tsayawa cikin baho in za su yi wanka, su kwashe ruwan su kora bahaya da shi, ruwan ɗaurayar kaya ya tafi goge ɗaki. Birnin da ke shan kusan lita biliyan 1.2 a rana a 2015 ya dawo wajen miliyan 500, ranar rufewar ba ta zo ba har ruwan sama ya sauka. Sai dai ba gidaje kaɗai suka yi aikin ba fa, hukumar ta rage ƙarfin ruwa a bututu don yoyo ya ragu, ta tsauwala kuɗi ga masu sha da yawa, an yanke kason manoma, kuma duk mako tana fito da adadin abin da ya rage a dam kowa ya gani. Chennai a Indiya ba ta yi wannan sa'ar ba, a 2019 manyan tafkunanta huɗu suka kusa ƙafewa, sai da jirgin ƙasa ya dinga kawo ruwa.

Ni abin da ke ci min rai shi ne yadda ake ɗora wa uwar gida laifin duka. Noma ne ke cin wajen kashi 70 cikin ɗari na ruwan da duniya ke ɗiba, kuma a birane da yawa ruwan da aka tace aka sa wa magani tun a hanya yake zubewa, ka ce wa mutum ya rufe famfo yana goge baki alhali bututun layinsu ya fi wata yana ambaliya, ai ɗiban ruwa da kwando ake. Ga matsalar ruwan da ke zuwa yau gobe babu, in bututu ya zauna wayam sai ya zuƙo ƙazanta ta wuraren da ya tsage, mutane kuma su cika duk wani mazubi don tsoro, in sabo ya zo su zubar da tsohon. Waɗanda bututu bai kai unguwarsu ba su suka fi kowa tattali kuma su suka fi biya da tsada a hannun 'yan garuwa da masu tanka, duk da tun 28 ga Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ruwa mai tsafta haƙƙin ɗan Adam ne. A 2022 mutum biliyan 2.2 ne ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune.

Kuma ana iya gyarawa ko a ƙasa matalauciya. A Phnom Penh ta Kambodiya a 1993 kashi 72 cikin ɗari na ruwan hukuma ɓacewa yake, yoyo da sata da rashin biya. Wani mai suna Ek Sonn Chan ya karɓi hukumar, ya canja tsofaffin bututu, ya sa wa kowa mita har manyan sojoji da ministoci da ba su saba ganin bil ba, ya sauƙaƙa wa talakawa kuɗin jawo ruwa gida. Kafin 2010 asarar ta dawo ƙasa da kashi 10, ruwa na zuwa awa 24.