Me ake nufi da tsagewar aota?

Aota ita ce babbar jijiyar da ke kwaso jini daga ɓangaren hagu na zuciya ta rarraba wa jiki. Faɗinta a jikin baligi ya kai santimita 2 zuwa 3. Da ta fito daga zuciya sai ta yi sama, ta lanƙwashe kamar kan sandar dogarawa, sannan ta gangara ta bayan ƙirji zuwa ciki. A wannan lanƙwasar rassa uku suke fita, su kai jini hannuwa da wuya da ƙwaƙwalwa, shi ya sa matsalar wurin ba ta zuwa da sauƙi.

Bangon aota hawa uku ne. Idan na ciki ya tsage, jini ya kutsa tsakanin bangon ya buɗe wa kansa wata hanya, wannan ita ce tsagewar aota. Jinin da ya kauce zai iya toshe reshen da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Zai iya komawa baya ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciya ya matse ta. Bangon kuma zai iya fashewa baki ɗaya. Tsagewar aota ce ta kashe Sarki George na II na Birtaniya a 1760.

Babban mai jawo ta shi ne hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba. Akwai kuma masu ciwon Marfan, wanda ake gado: dogaye ne masu dogayen yatsu, bangon jijiyarsu ba shi da ƙwari, kuma tana iya kama su da ƙuruciya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda take shigar burtu. Ciwon yakan zo farat ɗaya, da tsananinsa tun daga farko, majinyaci ya ce ji yake ana yaga masa ƙirji, ciwon ya ratsa zuwa tsakanin kafaɗu. A Tudun Wada ko Rigasa ko Kawo, abin da za a fara cewa shi ne olsa ce ta tashi, a ruga kemis a yi allura. Wani ma ya miƙo asfirin don ya ji ana ba mai ciwon zuciya. To, maganin da ke tsinka jini ƙara wa wannan majinyacin haɗari yake yi. Wata alama mai sauƙin dubawa ita ce a auna jini a hannu biyu: idan tazarar ta yi yawa, ko bugun jijiyar hannu ɗaya ya raunana, kada a tsaya shawara. A nufi babban asibiti, irin su Barau Dikko da ke Kaduna ko na koyarwa da ke Shika kusa da Zariya, domin hoton CT ne ke tabbatar da ita.

A ɗakin gaggawa, likita zai fara da kashe zafin ciwon da allura mai ƙarfi, sannan ya sa magani ta jijiya, irin su labetalol, don bugun zuciya ya sauko kusan 60 a minti, awon jini na sama ya dawo tsakanin 100 da 120. Daga nan sai a duba inda tsagar take. Idan ta taɓa ɓangaren da ke tasowa daga zuciya, nau'in A ke nan, kuma tiyata ce ba jira: a yanke wurin a maye shi da bututun roba. In ba a yi ba, haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowace sa'a a kwana biyun farko. Nau'in B, wanda ke can bayan lanƙwasar, sau da yawa magani yana riƙe shi, wani lokaci kuma a zura bututu ta jijiyar cinya a rufe tsagar daga ciki.

Ba manya kaɗai lanƙwasar ke ba wahala ba. Akwai ciwon Takayasu, da likitan ido ɗan Japan ya bayyana a 1908, wanda ke kumbura bangon har a rasa bugun jijiya a hannu, kuma ya fi kama 'yan mata da matasan mata. Akwai jaririn da ake haifa da lanƙwasa biyu da suka zagaye maƙogwaro, ya yi ta numfashi da ƙara ana ɗauka asma ce.

Wanda ya fi gaggawa shi ne jaririn da aotarsa ta tsuke ko ta katse. Lafiya lau za a gan shi ranar haihuwa, saboda wata 'yar jijiya da yake amfani da ita tun a ciki tana kai jini ƙasan jikinsa. Idan ta rufe, yawanci cikin mako na farko ko na biyu, wato dab da suna ko bayansa kaɗan, sai ya ƙi mama, ya yi ta haki, ƙafafu su yi sanyi. Likita zai sa masa maganin prostaglandin ta jijiya don waccan 'yar jijiyar ta sake buɗewa kafin a yi aiki. Shi ya sa nake roƙon ungozomomi da nas-nas su riƙa taɓa bugun jijiyar matsematsin kowane jariri kafin a sallami mai jego.