Hawan jini da ciwon sukari: yadda likita ke gano su da yadda ake riƙe su

Waɗannan cututtuka biyu na daga cikin waɗanda likitan sashen duba marasa lafiya na yau da kullum ya fi cin karo da su, kuma sau da yawa tare ake samun su a jikin mutum ɗaya. Dukkansu kan yi shekaru suna ɓarna mutum bai ji komai ba, don haka awo ne ke yanke hukunci a kansu, ba yadda mutum yake jin jikinsa ba.

An auna ni sau ɗaya an ce jinina ya hau. Shi ke nan ina da hawan jini?

A'a. Awon jini lambobi biyu ne: ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa mutum yana da hawan jini idan an samu 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban. Ko da lamba ɗaya ce kawai ta haura, ta wadatar. A Amurka an sauko da iyakar zuwa 130/80 tun 2017, shi ya sa wani lokaci ake jin likitoci biyu sun saɓa a kan awo ɗaya.

Akwai mutanen da jininsu ba ya hawa sai a gaban likita, saboda fargaba. Akwai kuma akasin haka, waɗanda awonsu na asibiti lafiya lau yake amma a gida yana sama, kuma su ne aka fi yawan kuskurewa. Awon gida ne ke raba gardama: safe da yamma, sau biyu a kowane zama, na kwana 7. A watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida iyakar ita ce 135/85.

Me ke sa na'ura ta ba da lambar da ba daidai ba?

Yawanci ba laifin na'urar ba ne, yadda aka yi awon ne. Mutum ya zauna minti 5 tukuna, ya jingina baya, tafin ƙafafunsa a ƙasa ba a harɗe ba. Hannu ya kwanta a kan tebur daidai da tsayin zuciya, domin idan yana reto a ƙasa lambar za ta ƙaru. Kada ya yi magana ana cikin awo. Kada ya sha kofi ko taba, ko ya motsa jiki, a cikin minti 30 kafin awon, kuma ya fara yin fitsari idan yana jin sa.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne girman madaurin da ake naɗawa a damtse. Idan aka sa wa mai kaurin hannu ƙaramin madauri, lambar za ta fito sama da gaskiya, har a ɗora mai lafiya a kan magani. A ɗaura shi a kan fata, ɗan sama da gwiwar hannu, ba a kan riga mai kauri ba. A zuwan farko a auna hannu biyu, daga nan a riƙa amfani da wanda ya fi nuna lamba babba.

Idan an tabbatar, me ya sa ake tura ni gwajin jini da na fitsari?

Don a ga ko ciwon ya riga ya taɓa wani wuri, a kuma san maganin da ya dace. Ana duba furotin a fitsari da sinadarin kiriyatinin a jini don sanin halin ƙoda, sai fotasiyam, sukari, kitsen jini, da gwajin bugun zuciya. Idan matashi ne da jininsa ya hau sosai, ko fotasiyam ya yi ƙasa ba dalili, likita zai nemi wata cuta da ke haddasa hawan, musamman ta ƙoda.

Wane magani ake fara bayarwa, kuma wace matsala yake kawowa?

Rukuni uku ne aka fi farawa da su. Amlodipine, miligiram 5 zuwa 10 sau ɗaya a rana, kan kumbura idon sawu. Kumburin ba alamar ciwon ƙoda ba ne, kuma maganin sa fitsari ba ya cika sauke shi, rage adadin ko canza magani ne ke yi. Lisinopril da 'yan uwansa kan jawo busasshen tari marar majina, wanda maganin tari ba zai tsayar ba. Sai a koma losartan. Lisinopril da losartan ba a haɗa su, ba a ba mai juna biyu ko mai shirin ɗaukar ciki, kuma ana sake gwada ƙoda da fotasiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan farawa. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, a daina sha a garzaya asibiti. Na uku su ne masu sa fitsari irin su hydrochlorothiazide, miligiram 12.5 zuwa 25, da kan rage fotasiyam.

Mafi yawan masu hawan jini sai da magani biyu ko fiye jininsu ke daidaita, kuma haɗa biyu a ƙaramin adadi ya fi cika guda ɗaya har ƙarshensa. Kafin a ce magani ba ya aiki, likitan kirki zai tambayi abu biyu: ana sha kullum kuwa? Kuma ana shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac? Waɗannan suna ɗaga jini, suna kuma wahalar da ƙoda. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a abincin gwangwani da na leda.

Jinina ya sauka. Zan iya dainawa?

Maganin ne ya sauke shi. Aka daina, zai koma.

Yaushe hawan jini ke zama na gaggawa?

Idan ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, ruɗewa, dushewar gani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. Wannan na asibiti ne nan take. Idan lambar ce kawai ta hau babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a huta a sake awo, a ga likita a ranar. Kada a haɗiyi ƙwayoyi da yawa don a faɗo da shi lokaci guda, domin saukar gaggawa na iya rage jinin da ke isa ƙwaƙwalwa.

Ciwon sukari fa, da wace lamba ake tabbatar da shi?

Hanyoyi uku aka fi bi. Awon safe bayan awa 8 ba a ci komai ba: 7.0 mmol/L ko fiye, wato 126 mg/dL. Awon kowane lokaci da ya kai 11.1, wato 200, ga mai yawan fitsari, ƙishirwa da rama. Sai HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku: 6.5 cikin ɗari ko fiye. Wanda ba shi da alamu sai an maimaita gwajin kafin a yanke. A lura na'urori ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba; a ninka mmol/L sau 18 a samu mg/dL. HbA1c kuwa ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, mai ƙarancin jini, wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan, da mai juna biyu.

Me ya sa mutane da yawa ke gudun metformin, ƙwayar ciwon sukari?

Saboda an fara musu da yawa. Yana kawo tashin zuciya da gudawa idan aka yi masa gaggawa. Ana farawa da miligiram 500 sau ɗaya a rana tare da abinci, a ƙara 500 duk mako, har zuwa kusan 2,000 idan da buƙata. Ba a ba wanda ma'aunin aikin ƙodarsa ya gaza 30, kuma ana dakatar da shi idan amai ko gudawa sun ƙarar da ruwan jiki. Yaro ko matashin da ke ramewa da sauri, yana amai da numfashi sama-sama, ba na ƙwaya ba ne: insulin yake buƙata, kuma a ranar.

Idan sukari ya faɗi ƙasa fa?

Wannan ya fi faruwa ga masu insulin da masu shan glibenclamide, wata ƙwayar ciwon sukari, musamman tsofaffi da wanda ya sha magani bai ci abinci ba. Alamunsa gumi, rawar jiki, yunwa da ruɗewa, awo kuma ƙasa da 3.9, wato 70. A ba shi giram 15 na sukari, kimanin cokalin abinci ɗaya a ruwa, a sake awo bayan minti 15, a maimaita idan bai tashi ba, sannan ya ci abinci. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti. Idan glibenclamide ne sanadi, sukarin na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i, don haka ko ya farfaɗo a ci gaba da awo har washegari.