Ka dawo Damagaram da diploman injiniya daga waje? Karanta kafin ka tambaye ni

Dole ne in yi ekibalans, wato takardar da ke nuna matakin diploman waje a tsarin Nijar?

In aikin gwamnati kake so, dole ne.

A ina ake yi?

A Yamai, a ma'aikatar ilimi mai zurfi. Jami'ar André Salifou da ke nan garin ba ita ke bayarwa ba.

Takarduna da Turanci ko Larabci suke.

A fassara su zuwa Faransanci wurin mai fassara da hukuma ta sani. Kuma don Allah ku daina dawowa da diploma kaɗai! Takardar makin kowace shekara fa? Ka baro ta a Kano ko Khartum, yanzu kana neman mai aiko maka.

Na yi shekara 5 a Najeriya amma ba ni da bak (takardar kammala sakandare ta nan), da WAEC (jarrabawar kammala sakandare ta can) na shiga. Daidai nake da injiniyan nan?

To, ƙanena, zauna. Tsarinmu daga bak yake ƙirga: shekara 3 lisans, 5 masta ko injiniya. Digirin injiniya na Najeriya shekara 5 ne, amma sunansa digiri na farko, don haka mai duba dosiye zai iya kallon shekarun, zai iya kuma kallon sunan. Ya danganta da darussan da ka yi, da ko hukumar ƙasar da ka yi karatu ta amince da makarantar. Rashin bak kuwa matsala ce ta daban: wataƙila a ce ka fara nemo wa WAEC ɗin tata ekibalans. Mai HND (babban diploman politeknik na Najeriya) ya ƙara shiri, da wuya a ɗora shi a matakin masta. In makarantarka na cikin waɗanda CAMES, majalisar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, ta amince da diplomansu, hanya ta fi sauƙi, sai dai yawancinsu na ƙasashe masu Faransanci ne. Kada ka ɗauki sakamakon abokinka a matsayin naka. Kuma kada hankalinka ya tashi: iliminka na nan, matakin albashi ake magana.

In zauna in jira takardar ta fito?

A'a! Wannan ne ya fi ɓata mini rai. Yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa. Nemi sitaj wurin masu kwangilar gini, ko ka kai dosiye SORAZ, matatar man da ke aiki tun 2011. Koyi rubuta rahoto da Faransanci, don a nan ƴan uwanmu da suka yi karatu a Najeriya da Sudan ke tuntuɓe.

Wani ya ce in ba shi kuɗi ya gaggauta mini.

Kada ka ba shi ko dala. Kai dosiyenka da hannunka, ka karɓi rasit, asalin diploman kuma ya zauna a wurinka.